Yadda Za Ka Yi Allurar Rigakafi a Ɓoye Bayan Ka Hana Unguwa Guda Yi

Idan kana cikin waɗanda suka shafe annobar nan suna rantsuwa cewa ko a mafarki allura ba za ta shiga jikinsu ba, yanzu kuma wata larura ta shaƙe ka, kwantar da hankalinka, ka faɗo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci za a tsira maka allurarka, ka koma gida da girmanka, babu mai jin ko ƙishin-ƙishin. An riga an gwada hanyar a jikin mutum mai rai, wani mai aski da unguwarsu ke kira Lakcara, saboda duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya tashi da aski da kuma darasin da bai nema ba. Da shi za mu yi misali tun daga farko har ƙarshe.

Mataki na ɗaya: Ka tabbata kana da sunan da za ka kare

Wanda bai taɓa ɗaga murya ba, ba ya bukatar wannan jagora, ya je kawai ya miƙa hannu. Kai kuwa sai ka fara tara jama'a.

Lakcara bai shiga harkar da wasa ba. Da aka kafa dokar kulle aka rufe masa shago, ya zauna a gida yana kallon injin askinsa yana tsatsa, alhali manyan shaguna na ta ciniki ta ƙofar baya. Wannan ya ci masa rai, kuma a gaskiya yana da hujjar jin haushi. Da aka buɗe gari sai ya dawo da haushin gaba ɗaya ya zube shi a kan bencin shagonsa.

Takunkumi, in ji shi, an ƙirƙiro shi ne don talaka ya saba da rufe baki. Allura kuwa, wanda aka yi wa, cokali zai riƙa mannewa a damtsensa, daga baya haihuwa ta ɗauke, daga nan sai abin da ya biyo baya. Da an tambaye shi inda ya samo, sai ya ɗaga waya sama ya ce, "Wani babban likita ne ya faɗa, har an kore shi daga aiki."

Ka samu abokin gaba, domin majalisa ba ta daɗi sai da shi. Na Lakcara shi ne Mai Kemis na tsallaken titi, mutumin da ke ɗaura takunkumi biyu, amma idan musu ya yi zafi sai ya janye su duka zuwa haɓa don a ji shi da kyau.

Ka samu na hannun dama. Na Lakcara wani ɗan tasi ne mai faɗin ƙirji, wanda aikinsa shi ne ya buga cinya ya ce, "Faɗa musu, Lakcara!"

Sannan ka samu mutum ɗaya wanda ya yarda da kai har zuciya. Akwai wani tsoho mai gyaran agogo da shagonsa ke manne da na Lakcara, bango ɗaya suka haɗa. Duk layin Kawu suke ce masa. Yana fama da ciwon suga, idonsa ya fara rauni, aikin ma ya ja baya, don haka yawancin yini a gefen bencin Lakcara yake yi, kusa da ƙofa, yana gyaɗa kai. Ba ya musu, ba ya tafi, haddacewa kawai yake yi. Irin wannan mutumin ado ne ga majalisa, ka riƙe shi da kyau.

Mataki na biyu: Ka nemi dalilin da ba tsoro ba

Kada ka yarda ko kai kanka ka san cewa tsoro kake ji. Nemi uzuri mai nauyi, wanda za ka iya ɗora wa laifin.

Lakcara bai sha wahalar nema ba, uzurin ne ya zo ya same shi. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta haihu tun cikin bai kai lokaci ba. Bakwaini ne, namiji, jikan fari. Aka sa shi a kwalba a asibiti, aka hana kowa shiga sai uwarsa. Lakcara ya riƙa ganinsa a hoton waya kawai, ɗan mitsitsi, da wata 'yar roba a hanci, tafin ƙafarsa bai kai babban yatsan kakansa ba. Yakan tsaya a tsakiyar aski ya ciro wayar ya sake dubawa, wanda ake yi wa askin na zaune da rabin kai.

Da aka sallame su ya kira ta ya ce gobe yana nan tafe.

"Baba," in ji ta, muryarta a sanyaye, "likita ya ce huhunsa bai yi ƙwari ba. Kai kuma kullum hannunka a kan mutane, numfashinsu a fuskarka. Ka yi allurar, ka sa takunkumi, sai ka zo ka ɗauke shi."

"Uwata, ni kike kafa wa doka? Ni da na ɗauke ki kina kamar kwalbar turare?"

"Ba doka ba ce, Baba, roƙo ne."

"To in na ce na yi alhali ban yi ba fa? Ya za ki gane?"

"Ba ka taɓa yi mini ƙarya ba," in ji ta. "In ka ce ka yi, ka yi."

Ya ajiye wayar. Matarsa tana ninke kaya a gefen gado, ta ji komai, ba ta ko ɗago ba.

Lura da kyau: yanzu kana da wanda za ka zarga. Ba kai ka sauya ra'ayi ba, 'ya'yan zamani ne ba sa jin magana.

Mataki na uku: Ka je nesa, kuma ka rufe fuska

Asibitin unguwarku haramun ne a gare ka. Nas ɗin wurin ta san ka, mai gadin ya san ka, mai shara ma kai kake yi wa mijinta aski. Zaɓi wani ƙaramin asibiti a can ƙarshen gari, inda sai ka sauya mota kafin ka isa.

Sai maganar ɓad da kama. A nan ne za ka gane alherin abin da ka daɗe kana zagi.

"Ke, akwai irin ƙyallen nan a gidan nan?" in ji Lakcara da safe, yana kallon bango.

"Wane ƙyalle, Malam?"

"Wanda kuke ɗaurawa a baki."

"Au, na rufe bakin talaka?"

"Ki ba ni in akwai, ba surutu na tambaye ki ba."

Ta buɗe jakarta ta ciro guda. Ruwan hoda ne, da ƙananan furanni. Ta rantse shi kaɗai ya rage mai tsabta, kuma har yau babu wanda ya tabbatar da gaskiyar wannan rantsuwa. Ya ɗaura shi, ya kifa hular sanyi har gira, ya ɗora baƙin tabarau. Da ya duba madubi shi kansa bai gane kansa ba. Ya manna takarda a ƙofar shago cewa ya tafi gyaran inji, ya bi ta lungu.

Mataki na huɗu: A layi, ka kama bakinka

Wannan shi ne mataki mafi wuya ga irinku.

Layin ya miƙe daga barandar asibitin har gindin wata bishiya, kowa fuska a rufe. Lakcara ya shiga ya sunkuyar da kai. Can sai wata mata a bayansa ta fara ba maƙwabciyarta labari.

"An ce wanda aka yi wa, wuƙa ce ke mannewa a goshinsa."

Cokali ne, kuma a damtse. Maganarsa ce ta zagaya gari ta dawo masa a karkace. Gyaran ya taho masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi da ƙyar kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Wa ya faɗa?" in ji ɗayar.

"Wani mai aski ne wai, a can cikin gari."

"Mai aski? To shi me ya sani ban da ƙeya?"

Suka kwashe da dariya. Gumi ya jiƙa furannin takunkumin.

Da ya ɗaga kai don ya shaƙi iska, sai ya ga abin da ya fi wannan. Takunkumi fuska yake rufewa, ba ya rufe ƙeya, kuma mai aski ta baya ya san mutanensa. Mutum na gabansa kaɗan yana da wata ƙeya mai ninki biyu, da ɗan tabo a bayan kunnen hagu inda gashi ba ya fita, an zagaye tabon da reza yadda ba zai fito fili ba. Aikin hannunsa ne, ko mako bai yi ba. Ɗan tasi ne, na hannun damansa, mai buga cinya.

Kamar an taɓa shi, ɗan tasin ya waiwayo. Ya dubi hular, ya dubi tabarau, ya sauko da ido kan takalman da yake gani kullum a gindin kujerar aski. Suka tsaya suna kallon juna.

"Sannu, bawan Allah," in ji ɗan tasi da wata murya da ba tasa ba.

"Yauwa, sannu, baƙo," in ji Lakcara ta hanci.

Kowa ya juya ya fuskanci gabansa. Haka ake yi. Wanda ya gan ka a wurin, shi ma a wurin ka gan shi, don haka asirinku ya zama ɗaya, babu amanar da ta fi wannan ƙarfi a duniya.

Mataki na biyar: Ka san hannun da za ka miƙa

Ƙarya tana da santsi, in ka fara tun safe ba ka sanin inda za ka tsaya.

Da layi ya zo kansa, nas ta nuna masa kujera ba tare da ta dube shi ba. Ta gaji, idonta ya yi ja, tana ta fasa ledar sirinji.

"Baba, da wane hannu kake aiki?"

Lakcara ya ji kalmar aiki sai ya ɗauka bincike ne. Tun safe yake ɓoye ko shi wane ne, don haka bakinsa ya ci gaba da kansa.

"Hagu," in ji shi.

"To kawo na dama."

Kafin ya gane abin da ya yi wa kansa, ta naɗe masa hannun riga, ta goga auduga mai sanyi, ta tsira, ta zare. Ya runtse ido yana jiran duniya ta juya. Ba ta juya ba.

"An gama, Baba. Ka zauna a benci can ka ɗan huta kafin ka tafi. Akwai ta biyu, za ka dawo."

"Ta biyu?"

"Na gaba!"

Da ya isa gida ya shiga kicin ya rufe ƙofa. Matarsa ta ji ƙarar cokali ya faɗi ƙasa, aka ɗauka, ya sake faɗuwa. Ba ta tambaya ba.

Mataki na shida: Ka tanadi bayanin ciwon hannu, ka kuma ƙara murya

Washegari hannun dama ya yi nauyi kamar an ɗaura masa bulo, jiki ya yi ɗumi. Mai hankali zai kwanta. Kai kada ka kwanta, rufe shago kwana biyu a jere shi ke jawo tambaya.

Lakcara ya buɗe. Injin aski ya ƙi wuce kafaɗa, sai ya koma hagu, hannun da bai taɓa riƙe komai da shi ba sai madubi. Mutum na farko, wani malamin makaranta, ya tashi da layin goshi ya gangara gefe guda kamar rufin da iska ta taɓa. Lakcara ya ce masa sabon yayi ne.

Mai Kemis ya tsallako titi, ya tsaya a bakin ƙofa, ya janye takunkumansa biyu.

"Lakcara, me ya sami hannun?"

"Kwanciya na yi a kansa."

"Daidai damtse?"

"Kai da wane wuri kake kwanciya, da kunne?"

Idan an fara shinshino ka, maganin shi ne ka ninka wa'azi. Ranar Lakcara ya yi lakcar da bai taɓa yin irinta ba. Ya ce masu zuwa layin allura tumaki ne, ya ce duk wanda ka ga ya sauya baki a kan maganar nan, to an saye shi, kada ka ƙara sauraronsa ko da ɗan'uwanka ne. Ɗan tasi na zaune, ya ɗaga hannu zai buga cinya, ya yamutsa fuska, ya sauya hannu. "Faɗa musu, Lakcara," in ji shi a hankali.

Da rana ta yi mutane suka watse, sai Kawu ya tashi daga gefen benci ya shiga shagonsa, ya dawo da 'yar kwalbar man zafi.

"Zauna, ɗana. Hannun nan shi ne abincinka."

Ya naɗe masa hannun riga, ya lakato man, ya shiga murzawa daidai inda allurar ta shiga. Idonsa bai kai ya ga ɗigon ba. Lakcara ya cije leɓe, hawaye ya cika masa ido, ya ce man ne ke da yaji.

"Jiya da ba ka nan yaron nan nawa ya zo," in ji Kawu yana murzawa. "Wai ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya zo da babur zai kai ni a yi mini. Wai masu suga su ne a gaba. Na ce masa ya fita mini daga shago. Ya yi ta magiya har da kuka, ƙato da shi. Na ce ranar da ka ga Lakcara ya miƙa hannu, ranar ka dawo."

Lakcara ya kau da kai ya dubi titi.

"Na yi daidai ko?"

"Kawu, a hankali, wurin yana ciwo."

Mataki na bakwai: Ka karɓi ladanka

Bayan ɗan lokacin da likita ya ce a jira, Lakcara ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗaura takunkumi, wannan karon fari, ya shiga ɗakin 'yarsa.

"Na yi, Uwata."

Ba ta ce ya rantse ba. Ta ɗauko yaron daga cikin zannuwa ta ɗora masa a hannu. Bai fi nauyin tawul ba. Gashin kansa laushi, kwance, Lakcara ya shafa shi da bayan yatsa ya ce wannan kan sai ya shekara kafin a bari reza ta matso. Yaron ya buɗe ido ɗaya, ya dubi farin ƙyallen, ya koma barcinsa. Lakcara ya zauna a wurin har hannunsa ya sage, ya ƙi a karɓe shi.

Nan ya kamata labarin ya ƙare, kuma da ya bi shawarata da nan ya ƙare. Ka samu abin da kake so, sunanka na nan, kowa ya huta.

Yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa sai ta ce, "Baba, Kawu fa? Shi da ke da suga. An yi masa?"

"Ana kan magana," in ji shi.

Mataki na takwas: Idan zuciya ta dame ka, ka gyara ƙarya da ƙarya

A cikin makon aka ɗauki mai wanki na ƙarshen layi zuwa asibiti, numfashi ya gagare shi. Bai dawo ba. Da can Lakcara zai ce zazzaɓi ne aka sauya wa suna. Wannan karon ya tsaya a ƙofar shago yana kallon kayan mutane da ke rataye a igiyar mamacin, babu wanda ya zo ya kwashe. Jiya-jiyan nan mai wankin ya zauna a bencin nan, kafaɗarsa na gogar ta Kawu.

Idan ka kai nan, kada ka yi garaje ka faɗi gaskiya. Kana da baiwa, yi amfani da ita.

Lakcara ya jira shago ya yi shiru, ya jawo kujera kusa da tsohon, ya rage murya.

"Kawu, wani sabon bayani ya fito. Ashe allurar iri biyu ce. Manya sun ɓoye mai kyau suna yi wa kansu da 'ya'yansu, su ne ma suka baza jita-jitar don talaka ya gudu ta ishe su. Yanzu mai kyan ta fito. Ya kamata mu je mu ƙwaci rabonmu kafin su farga."

Ƙarya ce mai kyau, ni kaina na yaba. Matsalar ita ce ɗalibin ya yi karatu da gaske.

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. "Wa ya faɗa?"

"Wani babban likita."

"An kore shi daga aiki?"

"Ba a kai ga kora ba tukuna."

"To ba na gaskiya ba ne." Tsohon ya yi murmushi ya dafa masa gwiwa. "Gwada ni kake yi, na gane. Kai ka ce duk wanda ya sauya baki an saye shi. Ni ba a saye ni ba, ɗana. Ko kowa ya watse, ina nan bayanka."

Ya yi ɗan tari, irin na tsufa, wanda ya saba yi shekara da shekaru. Lakcara ya tuna da mai wanki.

Mataki na tara: Kada ka yi abin da Lakcara ya yi

Na sa wannan matakin ne don gargaɗi.

Da safe, benci a cike, ɗan tasi na nan, Mai Kemis na bakin ƙofa yana jiran a fara, Lakcara ya kashe inji a tsakiyar aski.

"Kawu, an yi mini allurar. Ciwon hannun da ka shafa wa mai, ita ce."

Sai Kawu ya fashe da dariya har da share ido. "Kai dai ba ka gajiya da wasa."

Lakcara ya nuna damtse, babu tabo. Ya rantse, tsohon ya ce rantsuwar gwaji ba ta kama mutum. Ya juya ga ɗan tasi ya ce, "Kai ka gan ni a layin, faɗa masa." Ɗan tasi ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji. "Ni? Wane layi? Jama'a, kun ji ko? An saye shi!"

Lakcara ya cire rigar aiki ya rataye. "Yau ne ranar ta biyu. Kawu, taso ka raka ni. In wasa ne, ka dawo ka ba da labari."

Ba ƙarshen gari suka je ba, asibitin unguwa suka nufa, ta babban titi, fuska a buɗe har bakin ƙofa, inda mai gadi ya miƙa musu takunkumi yana ƙoƙarin danne dariya. Tsohon yana ta murmushi a hanya, yana jiran inda wasan zai ƙare. Yana tsaye a gefe nas ta goga wa Lakcara auduga. Ya matso sosai saboda idonsa, har ta ce ya ɗan ja baya. Ya ga allurar ta shiga, ya ga ta fito.

Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana kallon damtsen.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da yaronka ya zo."

"Ranar da na kore shi."

"Eh, Kawu."

"Ya yi kuka a gabana," in ji tsohon. "Tun ranar bai ƙara kirana ba."

Lakcara ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya juya ga nas ya ce, "'Yata, ara mini wayarki." Lambar ɗansa a ka take. Bai yi doguwar magana ba, ya ce, "Ka zo da babur ɗin." Ya koma can ƙarshen benci ya zauna, ya bar wuri mai faɗi tsakaninsa da Lakcara. Da ɗan ya iso, shi ya riƙe masa hannu aka yi masa. Suka fita tare, ya hau bayan babur, bai waiwayo ba.

Ga sakamakon kauce wa jagora. Majalisa ta tashi daga shagon Lakcara ta koma tashar tasi, inda ɗan tasi ke ba da darasi a kan yadda ake sayen mutane. Mai Kemis ya yi kwanaki yana tsallako titi don ya ce "ai na faɗa", har ya gaji da rashin amsa ya daina. Masu zuwa aski sun ragu, waɗanda suka rage kuma suna cewa shagon ya yi shiru da yawa.

Kawu bai ƙara zama a gefen bencin ba. In sun haɗu a bakin ƙofa, sai ya duba agogon hannunsa ya wuce. Amma bango ɗaya suka haɗa, kuma kowace safiya, idan tsohon ya zo buɗe shago, yakan tura ƙofar ƙarfensa ta bugi bangon, har madubin Lakcara ya girgiza. Da can ba ya haka.

Lakcara yakan koma gida da yamma, matarsa ta karɓi jakarsa.

"Ya buga yau?"

"Ya buga."

"Da ƙarfi?"

"Saura kaɗan madubin ya faɗo."

"To alhamdulillahi," in ji ta, ta shiga ta kawo masa ruwa.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba likita ba ne, ba mai aski ba ne, kuma ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Ciwon damtse, karkataccen aski, watsewar majalisa, cin amanar na hannun dama, duk naka ne. Tabbacin da aka bayar a farko ya shafi wanda ya tsaya a mataki na bakwai ne kawai. Wanda ya zarce saboda wani tsoho ya shafa masa man zafi, shi ya jiyo, kada ya zo mini da ƙorafi. Idan kuma madubinka ya faɗo ya fashe, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, sai dai ban yi maka alkawarin za a amsa ba.